Wanda ake ƙara shi ne mai karɓar ƙara: ya zan yi a reshenmu?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta ku ba na cewa uffan, amma yau abin ya cika mini ciki. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni ma'aikaciya ce a Kaduna. Shekara 14 ke nan ana cire mini kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya iso hannuna, kuma shekara 3 ina riƙe da kujerar shugabar mata a reshenmu. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, don Allah kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. In faɗa muku gaskiya, aikin shugabar mata a wajenmu bai wuce zaɓen atamfar ankon ranar 1 ga Mayu ba, sai lissafin kulolin shinkafa da zoɓo in za a yi taro, sai jan mata zuwa barka ko ta'aziyya. Ni ma na ɗauka iyakar aikin ke nan.

Wata biyu da suka wuce, bayan magariba, wata yarinya cikin sababbin ɗauka ta yi sallama a gidana. Sa'ar autarmu ce. Sunanta ya faɗi daga takardar biyan albashi, wata 5 ba ta ga ko sisi ba, kuɗin mota ma rance take yi. Aka ce mata ta je ofishin ƙungiya, ai amfaninta ke nan. Ta je. Sakatare ya karɓi takardunta, ya karɓi lambarta, ya ce ta kwantar da hankalinta. Saƙon farko da na biyu a kan fayil ne. Na uku, me kika ci da dare. Daga nan sai ki turo hoto in ga kwalliyar Juma'a. Na ƙarshen da ya kawo ta gidana ya shigo ne sha biyu saura na dare: ya sa sunanta cikin masu zuwa bita a wani gari, ɗakinta zai kasance kusa da nasa, a can za su ƙarasa maganar fayil ɗin. Ta miƙo mini wayar hannunta yana rawa. Na karanta da idona, ba ji na yi ba.

Washegari na sami ciyaman. Mutumin kirki ne a sanina, ba na ɗauke masa wannan. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Kwamared, ki bar wannan a hannuna, maganar manya ce." Abin da ya biyo baya: an cire sunan yarinyar daga bitar, fayil ɗinta yana nan inda yake, sakatare kuma in ya gan ni a baranda sai ya ɗaga murya ya ce, "Ranki ya daɗe, alƙaliya!" a yi dariya. Wato ciyaman ya gaya masa har wadda ta kawo maganar.

Na koma gida na lalubo kundin tsarin mulkin ƙungiyar, ɗan littafin da aka raba mana tun ranar rantsarwa ban taɓa buɗe shi ba. Na karanta sashen ladabtarwa sau uku. Cin kuɗin ƙungiya yana ciki. Karya yajin aiki yana ciki. Ɓata sunan ƙungiya yana ciki. Neman mace da sunan taimako babu shi ko a gefen shafi. Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki shi ne layin da ya ce duk mai ƙorafi ya rubuto a takarda ya miƙa wa sakataren reshe. An ba kura ajiyar nama.

Kuma da na fara buɗe ido sai na ga abin bai tsaya kan mata ba. Akwai wani yaro, shi ma ƙaramin ma'aikaci, da ya tashi a babban taron mambobi ya tambayi yadda aka kashe kuɗin gyaran motar ƙungiya. Kafin ya zauna an yi masa ihu, an kira shi ɗan leƙen asirin manyan ofis, da dare aka cire shi daga zauren WhatsApp. Taron shugabanni kuwa ƙarfe 8 na dare ake sa shi, a harabar wani otal. Wace matar aure ce za ta riƙa zuwa? Ni sau biyu na je, maigidana yana zaune a mota yana jirana. Sai a ce ai mata ba sa son shugabanci.

Mu ne masu ɗaga kwali in an zalunci ma'aikaci. Mu ne masu rufe ƙofar ma'aikata da kwaɗo. Amma in zaluncin daga cikin gida ya fito, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Tambayata: zaɓen reshe saura wata 7. Yaya zan yi a kafa hanyar kai ƙorafi da ba ta bi ta teburin sakatare ba, ba tare da an ce siyasa nake yi ko an turo ni in raba kan ƙungiya ba? Kuma yarinyar nan, me zan yi mata yanzu? Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka mini.

---

Dattijon Aluta ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekara 19 ina riƙe da muƙamai a wata ƙungiya kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da abin da za su faɗa miki, tun da na san shi, da bakina na sha faɗar sa. Za su ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za su ce ranar da shugabannin ma'aikatarku suka ji labarin nan, duk zaman da za a yi kan ƙarin girma ko bashin alawus sai sun jefo shi kan tebur. Kuma ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya. Na ga yadda ake riƙe shugaban ƙungiya da laifinsa, a sa shi ya janye yajin aiki ba don an biya buƙata ba.

Amma ki juya maganar ki gani. Wa ya tsaga bangon? Sakataren da ke aika irin wannan saƙo cikin dare ya riga ya miƙa wa manyan ofis igiyar da za su ja shi da ita. Kada ki yi zaton ba su sani ba. Masinja ya sani, direba ya sani, sun sani. Mambobi ne kawai ake ɓoye wa.

Zan gaya miki abin da har yau yake ci mini rai. An taɓa kawo mini makamancin wannan ina mataimakin ciyaman. Na tara su a falona, na sa ya ba ta haƙuri, na sa ta ce ta yafe, muka yi fatiha, na ji kamar na yi aikin lada. Kafin shekara ta zagayo ta nemi canjin wurin aiki ta bar garin. Shi kuwa ya ƙara wa'adi biyu, kuma ba a kanta ya tsaya ba. Sulhun da ƙarami ke yi da babba a falon babba, ba sulhu ba ne, sallama ce.

Shawarata ta siyasar ƙungiya ita ce ki raba maganar gida biyu. Gyaran doka daban, maganar sakatare daban. In kika haɗa su a taro ɗaya, taron zai koma na masu son sa da masu ƙin sa, ke ce za ki sha ƙasa, don shi ne ya san wanda ya ci alawus ɗin wace tafiya. Kuma kada ƙudurin ya fito daga bakinki ke kaɗai. Nemi namiji mai furfura wanda ba ya neman kujera, ya gabatar, ke ki mara masa baya. Ba don ba ki isa ba. Don na san kunnen mutanenmu.

---

Mai Gaskiya Ɗaya ya amsa:

Hajiya, da girmamawa, ɓangare ɗaya muka ji. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa ta riƙa amsa masa tun farko? Kuma zaɓe saura wata 7 sai ga wannan magana? Mutum da iyalinsa, a zubar masa da mutunci a kan saƙon waya? Ku ji tsoron ƙazafi. Irin kwamitin da kike nema, gobe duk wadda ta ga dama sai ta tashi ta kayar da wanda ba ta so.

---

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, na gode da ka faɗa a fili, don abin da da yawa ke faɗa a bayan idona ke nan. Ta amsa masa ne saboda fayil ɗin albashinta yana cikin durowarsa. Kai ma da naka ne, ko ƙarfe nawa ya kira ka za ka ɗauka. Kuma ba wanda ya ce an yi zina balle a nemi shaidu huɗu. Cewa aka yi ya riƙe haƙƙinta yana neman abin da bai halatta ba, rubutunsa kuma yana nan da lambarsa da lokaci.

Maganar ɓangare ɗaya kuwa, ai ita ce ta kawo ni nan. Ina ne wurin da za a ji ɓangare na biyu? Babu. Yanzu haka a baranda da bakin famfon alwala ake yi masa shari'a, ba ya nan balle ya kare kansa. In yana da gaskiya, kwamitin da ka tsana shi ne zai wanke shi.

---

Lauyar Unguwa ta amsa:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ba na ganin kundinku, don haka abin da zan faɗa na gama-gari ne, amma akwai abubuwan da ya kamata ki shiga taro da su a jaka.

A watan Yunin 2019, a Janiba, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a fagen aiki, tare da Shawara mai lamba 206 da ke bayanin yadda za a aiwatar. Najeriya ta rattaba mata hannu a watan Nuwamban 2022. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka yi ta matsa wa gwamnati lamba har aka sa hannun, kuma lokacin da aka amince da ita a Janiba, shugaban uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, na wancan lokacin, Ayuba Wabba, shi ne kuma shugaban gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta duniya, ITUC. Ki riƙe wannan da kyau. In wani ya ce miki aƙidar Turawa kika kwaso, ki ce masa a'a, takardar da uwar ƙungiya ta yi wa gangami ce kike so a fara aiki da ita a gida.

Abin da ya sa yarjejeniyar ta dace da maganarki shi ne ba ta tsaya a cikin ofis ba. Ta haɗa da tafiye-tafiyen aiki, da bita, da tarukan da suka danganci aiki, da saƙonnin da ake aikawa ta waya da intanet, har da hanyar zuwa aiki da komawa. Saƙon sha biyun dare da ɗakin otal duk sun shiga. Ta kuma ce a kare mai ƙorafi da shaidu daga ramuwar gayya, a kuma tsare sirrinsu. Abin da ciyamanku ya yi, na kai sunanki kunnen sakatare, shi ne daidai abin da aka hana.

Ta fuskar kotu, gyaran da aka yi wa tsarin mulkin ƙasa a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da neman lalata a wurin aiki, yana cikin sashe na 254C. Sashen ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta sa wa hannu, da sauraron rikici kan fassarar kundin ƙungiya. Ga kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi tata a 2018. Ban ce ku ruga kotu ba. Kotu tana cin lokaci da kuɗi, kuma sunan yarinyar zai fita. Amma shugabannin da suka san akwai kotu a gaba sun fi saurin gyara gida.

Yanzu maganar kundi. Yawanci reshe ba ya iya gyara kundin ƙungiya, sai taron wakilai na ƙasa, kuma gyaran sai an yi masa rajista a wajen magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wannan doguwar hanya ce, ki fara ta amma kada ki zauna jiranta. Abin da babban taron mambobin reshe zai iya yi shi ne ya zartar da ƙuduri na yadda zai riƙa karɓar ƙorafi, muddin bai saɓa wa kundin ba. Ni da zan rubuta, zan sa ƙofa ta fi ɗaya: mutum uku da mambobi suka zaɓa, ba ciyaman ya naɗa ba, aƙalla biyu mata, ɗaya kuma daga wajen reshen, ko daga kwamitin mata na majalisar NLC ta jiha ko wata tsohuwar ma'aikaciya da kowa ya yarda da ita. A sa wa'adi, kwana kaza a amsa, kwana kaza a gama, don jan ƙafa shi ne makamin da aka fi kashe ƙorafi da shi. Wanda ake zargi a gaya masa zargin a rubuce, a ji ta bakinsa, amma ya janye hannu daga duk abin da ya shafi mai ƙorafin har a gama. Sannan a rubuta ƙarara cewa cire mutum daga zaure, ko daga jerin masu tafiya, ko yi masa ba'a don ya kai ƙorafi, laifi ne mai zaman kansa. Wannan layin zai kare yaron da ya tambayi kuɗin mota kamar yadda zai kare yarinyar, kuma shi zai jawo miki ƙuri'un maza.

Kafin komai, yau ɗin nan, ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lamba da rana za su fito, ta ajiye a wuri na biyu. Kada ta goge, kada ta ƙara amsa masa. Kuma Yaya, ki tambaye ta me take so. Maganarta ce kafin ta zama taki.

---

Baƙon Manchesta ya amsa:

Anti, ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, ni ma ɗan ƙungiya ne a nan. Kada ki ɗauka ciwon namu ne kaɗai. GMB tana cikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na Birtaniya, mambobinta sun haura rabin miliyan. A 2020 ta ɗauko wata babbar lauya daga waje, Karon Monaghan, ta ce ta binciki yadda ake tafiyar da ita. Rahoton ya fito a watan Satumba, ya ce wariyar mata ta zauna daram a cikin tsarin ƙungiyar kanta, ba halin mutum ɗaya ko biyu ba ne, kuma cin zali da neman mata da ƙarfin kujera sun zama ruwan dare. Ya nuna cewa manyan kujerun iko maza ne ke riƙe da su alhali mata sun kai rabin mambobi. A 2023 ma rahoton irin wannan binciken da wata babbar lauya, Helena Kennedy, ta yi wa TSSA, ƙungiyar ma'aikatan sufuri, ya fito, wasu shugabanni suka sauka, kafin ƙarshen shekarar kuma mambobi suka zaɓi mace babbar sakatariya a karon farko.

 Abin da na lura da shi, abin da duka biyun suka rasa shi ne wanda za a kai wa kuka da ba yaron mai gida ba ne. Kuma ƙungiyoyin ba su mutu don an tona ba, suna nan suna yajin aikinsu. Sai dai kada in yi miki daɗin baki, rahoto ba ya canza hali dare ɗaya, har yanzu ana ta jayayya kan ko an aiwatar da abin da aka ce.

---

Uwar Biyu ta amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Baba Dattijo, labarin falonka ya hana ni barci, don abin da nake shirin roƙon ciyaman ya yi ke nan.

Ƙanwata Lauya, na bi maganarki na tambaye ta. Kunya ta kama ni, wata biyu ina ta faɗa a kanta ban taɓa tambayarta ba. Abu biyu ta ce. Tana son albashinta. Kuma ba ta son mahaifinta ya ji, don da ƙyar ya bar ta ta karɓi aikin, in ya ji zai ce ta zauna a gida. Ba ta son zama gaban kowane kwamiti yanzu. Na so in lallashe ta, sai na tuna ba ni zan koma gidansu ba. Saƙonnin dai mun adana su, in ta canza shawara suna nan.

Don haka jiya na sa ta sake haɗa kwafin takardunta, na ɗauke ta da kaina zuwa sashen albashi. Ashe lambar asusunta ce aka rubuta ba daidai ba, lamba ɗaya tak. Aikin da bai kai rabin awa ba aka riƙe ta da shi wata 7.

Maganar ƙuduri, na sami tsohon oditanmu, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya, ba ya neman komai. Ya ce zai gabatar, da sharaɗin a haɗa da mayar da taron shugabanni bayan la'asar a ofishin ƙungiya, don shi ma idonsa ba ya gani da dare. Mata 4 sun ce za su tashi su mara baya, ɗaya ta ce sai ta tambayi mijinta. Yaron kuɗin mota ma na neme shi, ya yi dariya ya ce shi ko sanarwar taro ba ya gani tun da aka cire shi.

Ƙanwata, in ba damuwa ki rubuto mini layin nan na ramuwar gayya da Hausa mai sauƙi, yadda za a karanta a taro kowa ya gane. Baba, kai kuma ga inda na maƙale: kafin a tattauna ƙuduri sai ya shiga ajandar taro, ajandar kuwa sakatare ne ke rubuta ta.